Kifayen Zulai da Ɓawon Teku

A Basirka na tashi, a hannun kakata Inna Tabawa. Da an idar da magariba takan zauna bakin murhu tana jiran miya ta nuna, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta da dariya suke ƙarewa, ban da guda ɗaya.

Wai wata yarinya ce ta ajiye ɗan kifi a ƙwarya tana ba shi tsaki. Ran nan ta tsinci ɓawon katantanwa mai sheƙi a bakin kogi, ta ce ta samo wa kifinta ɗaki. Ɗoki bai bar ta ta leƙa ciki ba, ashe mai ɓawon ya mutu can ƙurya yana ruɓewa. Ta jefa a ƙwaryar. Gari ya waye ruwa na wari, kifi ya juya ciki sama.

"Sai me, Inna?"

"Sai ta zauna tana kallonsa."

"Ba wanda ya zo ya tashe shi?"

"Wa zai zo, 'yar nan? Miƙo min ludayi."

Bara a Birnin Kudu labarin ya dawo min. 'Yata Zulai tana fama da sikila. Idan ciwon ya kwantar da ita, ba abin da ke ɗauke mata hankali sai kifayenta uku na cikin akwatin gilashi. Kawunta direba ya kawo mata tsarabar ɓawon teku daga Legas, ta nace a saka musu.

Na ce ta dakata. Na jiƙa ɓawon kwana biyu ina sauya ruwa, na dafa, na bi kowane lungu da tsohon buroshin haƙori. Ban yarda sabulu ya taɓa shi ba. Na shanya a rana, na shinshina, na sake dafawa, sannan na saka musu.

Duk da haka cikin mako biyu kifayen suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya sayar mana da su ya ce wataƙila ɓawon ne ya canza musu ruwa, wataƙila zafi ne.

"Umma, ba kin wanke ba?" in ji Zulai.

"Na wanke."

Shekara talatin ina zaton Inna jan kunne take mana kan ganganci. Sai daga baya na lissafa: 'ya'ya tara ta haifa, uku suka rayu, kuma ban taɓa sanin mace mai kula irinta ba. Ina jin ba ta da wani ƙarshen da za ta ba mu ne.

Gobe ma muna da asibiti.