Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfuta

Sana'ata ɗinkin rigar kujerar babur. Shagona yana bakin hanya a Birnin Gwari, kusa da inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. A wajenmu ba a hawa sabon babur tsirara, sai an yi wa kujera riga, an yi wa tanki riga. A gidana ma rediyo da rigarsa, rimot yana cikin ledarsa. Na faɗi wannan ne don a san iyakar inda hankalina ya tsaya, ba don in wanke kaina ba.

'Yata ta fari tana karatun aikin jinya. Da ta shiga shekarar ƙarshe aka ce sai ta rubuta bincike, kuma a kwamfuta za ta rubuta shi, ƙaramar nan ta hannu da suke kira laftof. Na sayar da masara, amma ban san mai kyau da marar kyau ba, kuma ban yarda da zuwa Kaduna ba in ba dole. Duk wanda ya san dajin da hanyarmu ta ratsa ya san dalili.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wani malamin firamare, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya zo garin nan tun kafin in yi aure. Ticha muke ce masa. Kusan kowane ƙarshen wata yana zuwa Kaduna duba mahaifiyarsa, don haka shi ne mai karɓar sautun unguwa. Wannan ya ba shi na tabarau, wancan na batirin waya. Akwai wata tsohuwa a layinmu da muke kira Inna, shi ke kawo mata maganin hawan jini, irin wanda ya karɓe ta, da ba a samu a nan. Ranar kasuwa har daga Damari ake kawo masa sautu. Ban taɓa jin ya karɓi ko na ruwa ba.

Shi na ba kuɗin kwamfutar. Ya dawo da ita a kwalinta, ya ajiye a gabana yana share gumi.

Ya ce, "Tela, ga amaryarka. Duk hanya a cinyata ta zauna, ko matata ban taɓa riƙewa haka ba."

Na ce, "Bari Madam ta ji ka."

Ya ce, "Ta sani. Ita ta ce in rungume ta da kyau."

Aka yi dariya, na yi godiya, ya shiga gida.

Washegari na juya ta a hannu ina kallo. Siririya, mai santsi, ko'ina sai ɗaukar ido. Zuciyata ta ce wannan ba za ta yi wata guda a gidan nan ba ta karce. Na auna ta, na yanko fatar roba baƙa, mafi kyau da nake da ita, na shimfiɗa mata soso a ciki, na bi gefen da jan zare. Na yi ta yadda za a buɗe a yi aiki ba sai an cire ba, roba ta kama kusurwoyin gam. Na bar ƙofar caja. A ƙasanta da gefenta na ga wasu tsage-tsage a jere, na ce to, nan ne kiyashi zai shiga ya yi gida. Wurin nan na ninka sosonsa biyu.

Da na miƙa wa yarinyar, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Baba." Ba ta ƙara ba. Na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Bazara ce a lokacin, ta dawo gida don a asibitin garinmu take tattara bayanan bincikenta. Ba a jima ba abin ya fara. Tana cikin rubutu sai kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfutar ta ƙame, a danna nan a danna can, shiru. Wani lokaci fuskar ta yi baƙi ɗif, ta sake tashi da kanta kamar wadda aka tasa daga barci, abin da aka rubuta ya tafi. Ba ta da lokaci. Da safe takan yi haƙuri, da rana kuwa sai ta ga dama.

Na fara zargin janareta, na ce wutarsa ce ke hawa da sauka. Muka koma yi mata caji a shagon mai sola. Ba ta daina ba. Wani ya ce caja ce, aka aro wata, duk ɗaya. Yarinyar ta kai ta wajen mai gyaran waya a kasuwa, ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, ya wanke ta tas ya sake zuba mata manhaja. A wankin nan babi guda na bincikenta ya salwanta. Na tarar da ita a bayan ɗaki tana kuka ba sauti, uwarta na tsaye a kanta. A shagon mai gyaran kuwa, kwamfutar ta wuni lafiya lau. Tana dawowa gida ta koma halinta.

Na je na sami mai gyaran da kaina. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Baba, ni dai na yi nawa. Wani lokaci tsohuwa ce ake sake wa kwali. Ana yi a birni."

Maganar nan ya faɗe ta ne kawai ya ci gaba da aikinsa. Ni na ɗauke ta na kai gida na yi mata shimfiɗa.

Ticha ya ji labari, ya ce a kawo masa ya gani. Yarinyar ta kai, ta zauna a falonsu ta yi rubutu tun hantsi har la'asar, ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Aka sake gwadawa, haka. Mai hankali zai tambaya, me ya bambanta gidana da nasa? Ni kuwa sai na ce a raina, ai shi ya san lagonta, tunda shi ya san abin da ya sayo.

Ya leƙo shagona ya ce, "Tela, abin nan yana da garanti. Ba ni in mayar musu ƙarshen wata, su duba ko su canza."

Na ce, "A bar shi, Ticha. Ka wahala da yawa."

Ya tsaya yana kallona, ni kuma na duƙufa a kan keke kamar ɗinkin zai gudu.

Akwai majalisar da muke zama bayan la'asar a gindin wata bishiyar mangwaro. A nan aka tambaye ni labarin kwamfuta. Ban ce Ticha ya cuce ni ba. Da ma na faɗa kai tsaye, da wani ya ƙaryata ni. Cewa na yi, "Ni dai na koyi darasi. Sabon kwali ba shi ne sabon kaya ba."

Wani mai sayar da taki ya ce, "Kana nufin Ticha?"

Na ce, "Allah ne masani."

Wani daga gefe ya ce, "Dama mutanen nan, sai a hankali." Na san abin da yake nufi da mutanen nan. Na san kuma Ticha ne ya ɗauki matata a babur ɗinsa zuwa asibiti ranar da za ta haifi autanmu ina gona. Na ci gaba da ɓare gyaɗata.

Wata rana da azahar ɗinkin kusurwa ɗaya na rigar ya warware. Yarinyar ta bar kwamfutar a kunne ta shiga wanka, na ce bari in cire in gyara. Ina zare ta wani wari ya bugi hancina, warin roba da ta sha wuta. Soson da na ninka ya yi ja, ya shafe kamar ƙosan da aka taka. Ƙasan kwamfutar kuwa ba ya taɓuwa, kamar dutsen guga. Na kai bayan hannuna kusa da tsage-tsagen nan, sai na ji iska mai zafi tana fitowa da ƙarfi, wata 'yar fanka a ciki tana ta gudu. Na shekara nawa cikin babura. Na san abin da ke faruwa da injin da aka toshe wa iska.

Da ta fito na ce, "Zo nan. In za ki kai ta gidan Ticha, da rigar kike kai ta?"

Ta sunkuyar da kai. "A zaure nake cirewa, Baba."

"Wajen mai gyara fa?"

"Nan ma."

"Don me?"

Tana murza bakin mayafinta ta ce, "Ƙawayena sun ce ta yi kama da kujerar acaɓa. Ban so ka ji ba daɗi."

A gida tana sa mata riga don kada raina ya ɓaci, a waje tana cirewa don kunya. Ita ma ba ta haɗa abin biyu ba, don ba ta taɓa kawo wa ranta cewa aikin hannun ubanta zai yi ɓarna ba. Na jefa rigar ƙarƙashin teburin shago. Muka ɗora kwamfutar a kan ɗan benci, iska na shiga ta ƙasa. Daga ranar ba ta sake ƙamewa ba, ba ta sake mutuwa ba.

Toshe iskar jahilci ne, ana yafe wa jahili. Abin da ya biyo baya shi ne nawa. Na san gaskiya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ban je ba. A majalisa da aka tambaya na ce, "Ta dai lafa." Na bar su da abin da suka ɗauka. Ina tsoron a ce tela ya shaƙe kwamfuta da soso, 'yan acaɓa su samu abin tsokana har in mutu. Na auna dariyar da za a yi mini da sunan mutumin da aka ɓata, na zaɓi fuskata.

Ƙarshen wata ya gabato. Na ga Inna ta fito daga gidan Ticha da kwalin maganinta a hannu, tana tafe tana dafa bango. Matata ce ta ba ni labari. Wani daga Damari ya zo ya karɓe sautunsa tun kafin a tafi, ya ce ya fasa. Wata ta ce a kawo mata rasit. Madam ta ji dalili a bakin rijiya, ta rantse mijinta ba zai ƙara riƙe kuɗin kowa ba, yana sa ransa a hanya ana kiransa ɓarawo.

Matata ta ce, "Malam, Inna ba ta da mai zuwa mata. Kai ka san abin da ka yi." Yarinyar ta gaya mata komai.

Ranar na ciro rigar daga ƙarƙashin tebur na tafi da ita majalisa. Na aika a roƙi Ticha ya zo, bai zo ba. Na shimfiɗa ta a tsakiyar tabarma, na nuna musu soson da ya ƙone, na faɗi yadda aka yi, har da cewa na daɗe da sani. Dariyar da nake tsoro an yi ta, mai taki har da riƙe ciki. Ba ta kashe ni ba. Amma wanda ya ce mutanen nan ba ya wurin, na Damari ma ba ya nan. Waɗanda suka ji maganar farko sun fi waɗanda suka ji ta biyu yawa, kuma ta farkon ta riga ta hau babur.

Daga nan na wuce gidansa. Madam ta amsa sallamata daga ciki, ba ta fito ba. Shi ya saurare ni har na gama, yana zaune a kan kujerar roba da littattafan yara a cinyarsa.

Ya ce, "Da ka tambaye ni, Tela. Ko zagina ka yi a fuskata, da ya fi."

Na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Na yafe. Amma sautu na daina. Na yi wa matata alkawari."

Ban roƙe shi ya janye ba, ba ni da bakin. Na je wajen Inna na ce daga yanzu ni zan riƙa kawo mata maganin. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko ƙauyen Kazage ba ka zuwa sai an yi maka addu'a?" Na ce zan je.

Yarinyar ta gama bincikenta ta miƙa. Ni kuma ƙarshen wata ya same ni a tasha, ina karanta duk addu'ar da na iya. Mota ɗaya muka shiga da Ticha, shi a gaba ni a baya. Da muka bar gari bishiyoyi suka fara haɗe kai a kan hanya, na tuna a nan ya bi da kwamfutar 'yata a cinyarsa. Sai ya juyo ya miƙo mini wani tsohon kwalin magani da ya ciro daga aljihu.

Ya ce, "Riƙe wannan. Akwai mai kama da shi, ba ya yi mata. Ka duba da kyau kafin ka biya, kada ka dawo a ce sabon kwali ne kawai."

Na karɓa da hannu biyu. Ya juya ya ci gaba da kallon hanya.