Bai Tabbata Ba

Zaurenmu na Yakasai kakanmu ne ya gina shi da tubalin ƙasa, kuma a ciki Baba yake wuni. Yayana kuwa ya matsa a rushe shi a yi shaguna na bulo, wai wata damina zai faɗo wa mutane. Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun injiniya, sai uwar iyayi ta sa na ce a bar mini, zan gwada.

Na ciro 'yan tubala daga gefen da ya zaizaye, na kai ɗakin gwaji. Malaminmu ya koya mana cewa kafin a danna abu a inji, sai an kafa zato biyu. Na farko shi ake riƙewa har sai hujja ta ture shi. Tunda gini ne da mutane ke zama a ƙarƙashinsa, na farkon shi ne tubalin ba shi da isasshen ƙarfi, na biyun kuma yana da shi. Tubalan da na kai sun yi kaɗan, hujjar ba ta kai ta ture zaton farko ba. Wannan fa ba ya nufin zauren rubabbe ne. Gwajin ne ya kasa cewa komai.

Ranar Juma'a baffanninmu suka hallara. Baba ya ce, "To, Injiniya, me injin ya ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ƙarfinsa bai tabbata ba."

Yaya ya yi caraf: "Kun ji ko? Jami'a ma ta ce ba ƙarfi!"

Wallahi bayanin yana bakina. Amma ta yaya zan ƙaryata yayana a gaban baffanni? Na yi ta murza bakin mayafi kamar sokuwa. Baba ya jira ni, ya jira, sannan ya ce shi ke nan, a rushe.

Leburori suka zo da diga. Tun hantsi suke sara har la'asar, bango ko gezau, sai ƙura. Kunya ta hana ni leƙowa, ina tsakar gida ina jin kowane sara a ƙirjina. Can Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a kan buzunsa a bakin lungu, yana kallon zauren.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, je ki faɗa wa zauren nan ba shi da ƙarfi. Da alama shi bai ji ba."