Kawu Bukar da Yashin Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa sayen yashi a wurin Kawu Bukar ya san ba a tafiya haka nan. Sai ka cire takalmi ka kakkaɓe a kan tulin da ke ƙofar gidansa, ko kai waye. A gabana wani injiniya ya gama ciniki zai shiga mota, Kawu ya bi shi yana cewa, "Ranka ya daɗe, amalanke uku ka saya. Na cikin takalminka ba ya ciki." Mutumin ya ɗauka wasa ne, sai da ya tsinci kansa a zaune yana cire safa. Madam Rahila maƙwabciyarsa, malamar firamaren nan 'yar Filato, da ta gaji sai ta koma zuwa wurin matarsa Ya Fanna ba takalmi. Washegari Kawu ya tanadi buta da kwano, ya ce ta wanke ƙafa a ciki kafin ta fita.

Ni kuwa Sale, ɗan ƙanwarsa, kun san tarihina, ba sai na yi wa kaina kwalliya ba. A aji biyu na sakandare na ajiye biro. Na yi facin taya kwana tara. Na sayar da caja a tasha. Na bi masunta Guri, jiri ya kwashe ni a kwale-kwale tun ba a jefa taru ba. Da Baba ya gaji sai ya yanke magana: in damina ta fita ba ni da sana'a, Birniwa zai tura ni kiwo wurin ƙaninsa, can cikin dajin da babu sabis, waya kuma a Haɗeja za ta zauna. Inna ta je ta roƙi yayanta ya ɗauke ni aikin yashi. Kawu ya ce shi ba ya ɗaukar mutumin da ba ya iya zama ya ƙarasa kofin shayi. Da ta matsa da kuka, ya yarda in riƙa zuwa ina zama kusa da tulin, amma kada in taɓa shebur.

To zama kusa da yashi ai ba aiki ba ne, sai na riƙa buga gem a waya. Wannan na gini, da duniyar cikinsa duk bulo-bulo ce, ka fasa ka ɗauka ka gina abin da ka ga dama. Wata rana da hantsi Kawu ya leƙo ta kafaɗata da niyyar faɗa, daidai na sare gindin bishiya, samanta ya tsaya a iska.

"Me ya riƙe ta?"

Na ce ba komai, haka gem ɗin yake. Ya sa na fasa ƙarƙashin ƙasa, ta tsaya a sama. Na fasa ƙarƙashin dutse, ya tsaya. Ya ja tsaki ya ce wannan garin maƙaryata ne. Har ya juya zai tafi na isa bakin ruwa na fasa ƙarƙashin yashi, sai ga shi ya rufto ƙasa gaba ɗaya. Kawu ya dawo ya tsuguna, ya ce in sake. Na sake sau biyar.

"Ka gani ko? Kaf garin nan yashi ne kaɗai mai tsoron Allah."

Na ce ai tsakuwa ma tana faɗowa. Ya ce ita ƙanwarsa ce, tarbiyyar gida ɗaya suka samu.

Daga ranar wayata ta zama ta mu biyu, kuma ni ne ƙaramin mai rabo. Yatsunsa sun yi kanta har gilashin wayar ba ya jin su, sai da gaɓar ɗan ƙaramin yatsa yake dannawa. Mutane suna gina benaye a gem ɗin nan, suna haƙo zinariya. Kawu yashi kawai yake ɗiba yana zubawa a akwati, in ya cika ya sa in ƙera masa wani. Na nuna masa in an sa yashi a murhu yana zama gilashi, ya ce wanda ya ƙona yashi zai iya ƙona hatsi. Na nuna masa in ka haɗa guda huɗu suna zama bulo mai ƙarfi. Ya tambayi siminti nawa ake zubawa, na ce ba ko cokali. Ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya gane, ɗan kwangila ne ya ƙirƙiro wasan nan.

Akwai rake da ke fitowa a kan yashi a bakin ruwa. Kawu ba ya ɗibar na wurin, wai gonar wani ce. Na rantse masa babu mai ita, ba kowa a duniyar sai shi. Ya ce haka kowane ɓarawon fili yake faɗa.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Kawu, ka yafe ni. Mutumin da ya shekara arba'in a bakin kogi yana zagin masu amalanke kada su haƙi gaɓa ta ƙasa, shi ne ran nan kwaɗayi ya ja shi ya shiga ƙarƙashin tudun yashi yana fasa na saman kansa. Tudun ya rufto masa, wayar ta yi ja.

"Me ya faru?"

"Ka mutu, Kawu."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya gani. Na nuna masa inda ake dannawa mutum ya tashi ya ci gaba, ya ture hannuna, ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne da zai faɗi da safe ya ɓullo a wata jam'iyya da azahar. Kwana uku bai taɓa wayar ba. Ya Fanna da ta ji dalilin zaman jugum ɗin ta ce ya sani tun yanzu, ita ba za ta yi wa waya takaba ba.

Ana haka ruwa ya fara cika. Kun tuna yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya riƙa lasar jingar da ke bayan layinmu. Aka kafa kwamitin unguwa, aka ba Alhaji Ɗanjummai, aminin Babana, shugabanci. Aikin farko da suka yi shi ne ɗinka riguna masu sheƙi da ɗaukar hoto a kan jinga, kowa yana nuna ruwa da yatsa kamar shi ya gano shi. Da aka zauna taro a gindin darbejiya, suka ce a cika buhuna da turɓayar bayan kasuwa tunda ita ce kusa. Kawu ya ce turɓaya in ta ji ruwa kunu take zama ta tsiyaye ta ramukan buhu, yashin kogi za a sa. Sakatare ya ce a bar tsoho ya huta, yanzu zamanin ilimi ne.

Kawu ya yafito ni. Na buɗe gem, na saki yashi a cikin ruwa, ya nutse har ƙasa ya kori ruwan ya zauna a wurinsa. Manyan mutane masu furfura suka haɗa kai a kan wayata. Sakatare ya gyara tabarau ya ce lallai tunda Turawa suka sa shi a kwamfuta, an yi bincike. Nan take aka amince. Wani ma ya kawo shawara a bar sayen buhu, a riƙa zuba yashin kai tsaye kamar yadda waya ta nuna. Kawu ya ce ruwan waya a zaune yake, namu kuwa tun daga Kano yake tahowa da fushinsa.

Shi ya ci nasara, amma har muka isa gida yana masifa. "Shekara arba'in ina faɗa da bakina ba su ji ba. Sai da abin wasan yara ya faɗa."

Kwangilar kawo yashin, kamar yadda kuka zata, surukin shugaba aka ba. Tifa ta juye kaya a bakin jinga, samansa fes. Kawu ya zura hannu har gwiwar hannu ya damƙo na ciki. Kun san da harshe yake gwada yashi. To a ranar mura ta kama shi, ko barkono ba ya ji. Ya ɗora a harshe, ya tauna, ya tofar, bai gane komai ba. Sai ya juyo.

"Sale, buɗe baki."

Jama'a, unguwa guda tana kallo. Ga Baba tsaye kafaɗa da kafaɗa da amininsa, ya kafe ni da ido, kuma a cikin idon nan ina hango motar Birniwa. Abin da ba wanda ya sani, wata biyun da na yi ina zaman banza, in Kawu ya ƙwace waya na rasa abin yi, nakan ɗanɗani tulinsa a ɓoye in ji me yake ji. Yashin kirki ƙaras-ƙaras yake a haƙori, ka tofar bakinka ya koma fes. Wannan kuwa yana shiga ya dame. Na so in ce ban sani ba. Na dubi gidajen da ke bayan jinga, har da ɗakin Inna.

"Sama yashi ne," na ce. "Ciki turɓaya ce da toka. Akwai kashin jaki ma."

Shugaba ya hau faɗa, wai yaron da ya gudu daga makaranta ne zai koya wa kwamiti aiki. Madam Rahila ba ta yi gardama da kowa ba. Ta kawo bokitin ruwa, ta zuba kwano biyu ta juya da kara. Ruwan ya zama kunu, shaidar jakin kuma ta taso sama tana yawo. Sakatare ya cire rigarsa mai sheƙi ya naɗe a hammata. Kwana uku masu amalanke suna jigila daga kogi, mu muna ɗurawa muna ɗaurewa. Ruwa ya shigo ta wasu wurare, amma ta bayan layinmu bai samu hanya ba.

Baba dai bai ga abin yabo ba, tunda na kunyata amininsa a bainar jama'a. Ya daina amsa gaisuwata, ya sa Inna ta fito da jakar bakko ta fara haɗa mini kaya. Ran da ya rage kwana biyu in tafi, sai ga Kawu da sassafe. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama, ya dubi Baba ya ce:

"Malam Idi, yaron nan in ka kai shi Birniwa shanun mutane za su ɓace. Bar mini shi. Ni na saba da asara."

Iyakar yabon da na taɓa samu a bakinsa ke nan. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Washegari Kawu ya miƙo mini shebur, tsohon nan mai ɗaurin roba a ƙota. Sabon yana rataye a ɗaki cikin ledarsa, wai sai babban aiki ya zo.

Kaka ɗaya muka yi tare a bakin kogi. Daga nan ciwo ya kwantar da shi, bai kuma ɗauke shi da tsawo ba. Ran da na je duba shi na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, ya sa na matso da kunnena. Na zaci maganar gado zai yi ko ta Ya Fanna. Ya ce akwatunan yashinsa na cikin waya, ko bayan ransa, kada in ba kwamiti.

Na yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Yana shafa tafin da babban yatsansa, inda kanta ta fara fitowa.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci ya haskaka shi. Allah ya ba Ya Fanna haƙuri. Mu da ya bari a bakin kogi, Allah ya sa mu riƙe amanar aikin yadda ya riƙe. Amin.