Tani da ta fasa mini katanga

Kafin rana ta ɗaga, Tani ta riga ta shigo unguwar ma'aikata ta Agiye, tsintsiya a hammata, guntun ƙarfe a hannu. Duk gidan da ta shiga ba da shara take farawa ba. Wajen rariya take nufa, ta tsuguna, ta zura ƙarfen ta zaƙulo leda da gashin kaza da yashin da ya taru. Sai ta ga hanyar ruwa ta buɗe sannan ta koma can inda tsakar gida ta fi tudu, ta sharo zuwa gangare. Haka take yi da damina, haka take yi da rani lokacin da ko ɗigon ruwa babu a sama. Daga nan wanke-wanke, goge ɗakuna, wanki ran Asabar. Shekara ashirin da uku ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye tsintsiya, gwiwa ta ƙi, za ta koma ƙauyensu wajen Gazawa.

Matan unguwa suna da shaidarsu a kanta. Wata ta ce ɗan kunnenta na zinariya ya ɓace kwana uku, ta tarar da shi a kan taga, an wanke shi har da omo. Wata ta ce shekara goma Tani na shiga ɗakinta, ba ta taɓa jin zancen gidanta a bakin kowa ba. Tani ke nan, mai shiga da tsintsiya ta fito da shara kawai. Tawa shaidar daban ce, kuma ba ta yi mini kyau ba.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a unguwa Mushe ake kira na. Shekara shida da suka wuce gafiya ta addabe ni, ta rariya take shigowa tana kwashe mini 'yan tsaki. Da bazara na sayo siminti na toshe rariyar, na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Washegari Tani ta tsuguna da ƙarfenta, ta ƙwanƙwasa, ta ɗago kai.

"Mushe, kai ka toshe nan?"

"Gafiya ce ta dame ni, Inna."

"Gahiya kam ta tahi. Ruwa hwa, ina za shi bi?"

Na ce zan buɗe kafin damina ta kankama. Ruwan farko ƙasa ta shanye shi, na biyu ma haka, sai na manta.

Cikin watan Agusta ni da matata Fadimatu muka tafi suna Maraɗi, muka bar wa Tani makulli. Ruwa ya sauko tun asuba, bai ɗauke ba har hantsi. Ta shigo ta tarar da tsakar gida ta zama tafki, ruwa ya kai mata ƙauri, yana lasar gindin ɗakuna. Ɗakunan na tubalin ƙasa ne, shafen siminti kawai gare su. Ƙarfenta bai iya simintina ba. Sai ta ɗauko taɓarya a madafa ta dinga dukan katanga gefen rariyar, inda ƙasa ta yi laushi, har ta huda. Ruwan ya fita da ƙarfi, ya tafi da katanga wajen taku biyar. Kafin mu dawo awakin unguwa sun shiga sun gama da zogalen Fadimatu, mai wucewa a hanya kuma yana hango har ƙofar ɗakin kwanana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata ya ƙare, ban biya ta ba, ban kuma sallame ta ba. Fadimatu ta ce in ba ta haƙƙinta, ta yi aikin watan. Malaman lakol suka rabu biyu a gindin itacen bedi: wasu suka ce wanda ya yi ɓarna shi ke gyara, wasu suka ce in raba kuɗin biyu kowa ya ɗan ji zafi. Babu wanda ya tambaye ni dalilin da ruwa ya taru, ni ma ban faɗa ba. Maƙwabciyata Hajiya Salima, wadda ita ma Tani ke yi wa aiki, ta leƙo ta wajen da ya zube ta tambayi abin da ya faru. Na ce, "Tani ce ta rushe mini katanga." Iyakar abin da na ce ke nan. Ban yi ƙarya ba, amma a ranar Hajiya ta ce wa Tani ta huta.

Kwana tara Tani na zuwa gidana, ta share, ta wanke, ta ce a tashi lafiya. Ba ta yi zancen kuɗi ba.

A na goma Nomau magini ya zo duba aiki. Bai kula katangar ba, gindin ɗakuna ya nufa, ya danna babban yatsansa, yatsan ya shige.

"Mushe, wa ya hwasa can?"

"Mai shara."

"To ka gode mata. Da ruwan ga ya ƙara awa guda, ba katanga za ka kira ni ginawa ba, ɗakuna ne." Ya koma ya taka dunƙulen simintin da ke kwance cikin ɓaraguzai. "Wanga hwa, aikin wane ne?"

Na ce ya faɗi kuɗin aikinsa.

Washegari na ba Tani albashinta cif, na ɗora wani abu a kai. Ta ware ƙarin ta ajiye a kan tabarma.

"Wanga nawa ne, na amsa. Wancan riƙe abinka. Abin da ni ke so, ka taka ka gaya ma Hajiya Salima yadda anka yi."

Na ce to. Ban je ba. Kunya ce ta hana ni, don zuwan yana nufin in tsaya gaban maƙwabciya in ce malamin da ke koya wa yara cewa ruwa gangare yake bi shi ya toshe masa hanya. Hajiya ta ɗauki wata mai aikin. Bayan shekara aka mai da mijinta Damagaram. Tani da ke share gida huɗu ta koma uku, haka ta zauna har yau, kuma ko sau ɗaya ba ta tuna mini ba.

Ke ce, Inna Tani, kika san gangaren gidana fiye da ni mai gidan. Ke ce kika shiga ruwa har ƙauri a gidan da ba naki ba, alhali kina iya mai da ƙofa ki kulle ki ce haka kika tarar. Ke ce kika fara tsugunawa da ƙarfenki a sabuwar rariyar da Nomau ya gina, kamar ba abin da ya faru.

Ana yawan tambaya ko a biya mai aiki idan an yi ɓarna a gida. Na gwada riƙe albashi, ban ga abin da riƙewar ta gyara mini ba. A biya ta aikin da ta yi, sannan a zauna a ji yadda aka yi, kuma kafin a ji a kama baki. Masu shiga gidajen mutane da tsintsiya kuwa, su dubi matar nan: ta san aikinta tun daga rariya.

Na gode, Inna. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya saka da alheri. Ɗiyarki Ummukulsum za ta karanta miki wannan, na kuma aika da shi Damagaram. Hajiya Salima, ni na toshe rariyar da siminti. Tani ta gargaɗe ni ban ji ba. Ta fasa katanga ne don ɗakunana su tsaya, kuma a cikinsu nake wannan rubutu.