Malam Idrissa, Wanda Ya Shigar da Firji ta Taga

Ga 'yan uwa na Wheaton, Laurel da Takoma Park, da na gida duk inda takardar nan ta iske ku.

Wanda ya ba mu aron Malam Idrissa na Tasawa ya karɓi abinsa ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, da hantsi, a wani asibiti kusa da Laurel, bayan jinyar kwana tara. Namu ne na ɗan lokaci, nasa ne har abada. An yi jana'iza ranar Laraba, ƙanƙara na ƙasa, amma sahu ya cika har waje.

Mu a nan gida da sauƙi. Maigidana Malam Almu gwiwarsa ta sake kumbura tun tsayuwar maƙabarta, yana sallah a kan kujera. Ni hawan jini ya ɗan motsa, na koma kan magani. Autata Rumasa'u da mijinta Misbahu suna lafiya a inda suke aiki. Haoua, matar marigayi, tana cikin takaba, ba ta cin abinci yadda nake so, amma tana tsaye.

Malam Idrissa, kai zan yi wa magana, don ban saba ba da labarinka kamar ba ka nan ba. Da hannuna nake rubuta wannan. Sai da na haura arba'in da biyar na shiga ajin yamma na koyi boko, kuma kai ne ka yi ta sauke ni a ƙofar makarantar da tasinka damina biyu, kana cewa hanyarka ce, alhali gidanka yana can wani gefen.

Kowa yana da nasa labarin a kanka. Akwai waɗanda ka ɗauko daga filin jirgi ba su san kowa ba, suka kwana a falonka har suka sami ɗaki. Akwai gidajen da ka gyara wa na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu. Bayan tasinka ba ya rabo da butar shayi da ƙananan kofuna. Ni nawa labarin na firji ne, kuma ban taɓa ba da shi duka ba sai yau.

Rumasa'u tana da ciwon suga tun tana shekara tara. Allurar insulin ce ke riƙe da ita, kuma allurar nan ba ta son zafi, ba ta son ƙanƙara. Tana da shekara sha ɗaya muka taɓa tafiya da maganin a cikin kula, ƙanƙara ta taɓa shi ya lalace ba mu sani ba, ta yi kwana huɗu a asibiti ba ta gane ni. Tun daga nan ban sake yarda ta yi nisa da firjin gidana ba. Ko da ta yi aure, Laurel kawai na yarda.

A 2015 ta zama nas, ta sami aikin wata uku a Arizona, irin aikin da ake zagaya asibitoci. Ita da Misbahu suka sayi tsohuwar mota mai ɗaki, wadda ke da gado da murhu da firji a ciki, don su zauna a cikinta. Na yi kuka, na yi fushi, na kai ƙara wajen mahaifinta. Daga ƙarshe na ce to, amma da sharaɗi: sai firjin motar yana aiki.

Ba su da wurin ajiye ta a Laurel, sai suka kawo ta ƙofar gidanmu a Wheaton, inda ke da gangara. Babbar Sallah ta zo. Gida huɗu muka haɗu muka je gona aka yanka raguna, nama ya fi ƙarfin firjin kowa. Na dubi motar na ce ga firji a zaune ba ya komai. Na kunna shi, na cika shi da naman layyarmu da na maƙwabta, na bar shi yana aiki mako uku.

Ranar Asabar Rumasa'u ta buɗe motar don ta fara shirya kaya, wani wari mai yaji ya buge ta har hawaye. Firji ya mutu. Aikinta na farawa Litinin ta sama, hanya kwana huɗu ce, ke nan dole su tashi ranar Alhamis da safe ko a ba wani gurbin. Masu gyaran irin motocin suka ce sai bayan mako uku. Ta ce za ta tafi da kula. Na ce sai dai ta bi ta kaina. A nan ta dube ni ta ce da Turanci, "Mama, da gangan kika yi." Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi haka ba, domin gaskiya ne ba na son tafiyar, kuma gaskiya ne ni na kunna shi.

Malam Almu ne ya kira ka. Ka zo ranar Lahadi da safe da jakar kayan aikinka. Ba ka shiga motar ba. Ka zagaya ta waje ka buɗe ƙaramin murfin da ke bayan firjin, ka shafa bututun da yatsa, ka nuna mana wani gari rawaya.

Ka ce, "Wanga firigo ya gama kwanansa. Irin na kananzir ne da muke ajiye allurar rigakafi a ƙauyukan Tasawa, sai dai shi gas yake ci. Ba shi da inji, wuta ce ke kora ruwan cikinsa. In ba a daidai yake zaune ba, ruwan ya tsaya wuri guda ya ƙone bututu."

Ka juya ga Rumasa'u. "Ɗiyata, ke da kika yi jami'a, kin san haka?"

Ta ce a'a.

"Misbahu, kai da ka ajiye mota a gangara, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ina Hajiya za ta sani? Ni kaina sai da na kashe guda ina saurayi, likita ya bi ni da takalmi, sannan na koya. Ki ba uwarki haƙuri."

Ta ba ni haƙuri a gabanka. Na juya na shiga gida.

Ranar Litinin ka sa aka kai motar filin abokinka Katung a Laurel, mutumin Kaduna mai motar janye motoci, don filinsa a shimfiɗe yake. Shi ne ya san inda aka jibge wata mota irinta da ta yi haɗari wajen Baltimore, gabanta ya tafi amma firjinta lafiya. Kuka je kuka ciro shi tare.

Ranar Talata na zo da abinci na zauna a kan benci, ina kallo. Ka fara rufe tukunyar gas, ka cire wayar lantarki da ta batir. Ka kwance bututun gas ta baya ka toshe bakinsa. Ka cire ƙofofin firjin, ka kwance kusoshi kana zuba su a hularka. Ka ajiye akwati daidai tsayin gurbin, kuka jawo tsohon a hankali ya hau kansa. Sai aka zo ƙofa. Ƙofar motar ta gaza faɗin firjin da yatsa biyu. Aka juya shi ta gefe, aka karkata shi, ya ƙi.

Katung ya share gumi ya ce, "Malam, waɗannan mutanen firji suka fara ajiyewa, sannan suka gina mota a kansa. Kawo zarto mu yanka shi."

Ka ce, "Mu yanka tsoho, to sabon fa? Shi ma yanka shi za ka yi ka shigar, sarkin gaggawa?"

"To kira aljanunku na Tasawa su ɗaga rufin."

Ba ka kula shi ba. Ka tsaya kana kallon babbar tagar da ke kusa da teburin cin abinci. Ka auna ta da taƙi, ka auna firjin da taƙi, ka sake aunawa. Misbahu ya miƙo maka awo na ƙarfe, ka ce hannun nan ya girme shi. Ka kwance kusoshin da suka zagaye tagar ɗaya bayan ɗaya, ka sa Katung ya tare gilashin daga waje, taga ta fito ɗungurum da firam ɗinta. Kuka shimfiɗa bargo a bakin ramin. Tsohon ya fita a kwance, sabon ya shiga a kwance, saura ƙiris ya goge gefe, amma bai goge ba. Katung ya yi ihu ya ce daga yau ya yarda mutanen Nijar suna da kai, ka ce ai kai ka daɗe da yarda cewa na Kaduna suna da ƙarfi.

Ka tura shi gurbinsa, ka ɗaure, ka haɗa bututun gas, ka shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi kana duba ko zai yi kumfa. Bai yi ba. Ka mayar da taga ka liƙe ta. Sannan ka ɗauko ƙaramin kofin shayinka, ka cika shi da ruwa har baki, ka ajiye a cikin firjin. Ruwan ya karkata gefe ɗaya. Ka sa Misbahu ya hau da tayar hagu kan katako, ya ja baya, ya sake hawa, har ruwan ya kwanta daidai da bakin kofin. Ka ba Rumasa'u kofin ka ce duk inda suka tsaya, kafin sallama da maƙwabta, a fara tambayar kofi. Ka ce a bar firjin ya huta sai gobe, tunda an kwantar da shi.

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai na safe ka kunna shi. Ka sa ma'aunin sanyi a ciki, ka miƙo mini takarda da biro.

Ka ce, "Hajiya, ni na gama nawa. Ke ce alƙali. Maganin ɗiyarki yana son lamba tsakanin talatin da shida da arba'in da shida a ma'aunin Amurka. Ki karanta da idonki, ki rubuta da hannunki. In bai kai ba, ni da kaina zan tsaya gaban motar in hana ta tafiya."

Na rubuta sittin da takwas. Na rubuta sittin da uku. Na rubuta hamsin da bakwai. Daga nan lamba ta tsaya. Ƙarfe sha ɗaya hamsin da bakwai, sha biyu hamsin da bakwai. Rumasa'u ta fita ta zauna a kan taya ta rufe fuska. Ni kuwa a nan na gane abin da ke zuciyata, domin maimakon in ji daɗi, sai na ji ina roƙon Allah lambar ta sauka.

Ka dawo daga ɗaukar fasinja ka dubi takardar. Ka ƙirga layukan. Ka ce, "Hajiya, sau nawa kika buɗe shi?"

Na ce ban sani ba.

"Sau talatin da ɗaya, ga shi kin rubuta. Sanyin da ya tara, ke kike sallamarsa."

Katung ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ka cire rawaninka ka ɗaure ƙofar firjin da shi, ka ce ba mai kwance shi sai an yi la'asar. Ka hura gawayi ka dafa shayi, ka zaunar da ni nesa da motar kana ba ni labarin yadda kuke kai allura ƙauye a kan raƙumi. Ban ji rabin labarin ba. Idona na kan motar.

Da aka idar da la'asar ka kwance rawanin ka matsa gefe. Na buɗe. Arba'in da uku. Na cire tabarau na goge na sake dubawa. Arba'in da uku. Ka sake ɗaurewa har magariba: talatin da takwas, kuma ruwan da ka zuba a ɗakin sama ya fara daskarewa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a tsakiyar filin Katung, tsakanin matattun motoci, har ma'aikatan wurin ajiyar kaya na kusa suka leƙo ta shinge. Rumasa'u ta rungume ni tana kuka tana dariya. Kai kuma kana gefe kana wanke kofuna kamar ba abin da ya faru.

Ranar Alhamis da safe ni na jera kwalaben maganin a tsakiyar firjin, nesa da bango, yadda ka nuna mini. Ni na rufe ƙofar. Na dafa kan 'yata na ce ta tafi, Allah ya kiyaye hanya, na yafe mata. Shekara goma sha uku ban iya faɗin haka ba.

Ta gama na Arizona, ta yi Oregon, ta yi Texas, yanzu ta sake komawa Arizona sun roƙe ta. Ko sau ɗaya maganinta bai lalace ba. Da na kira na gaya mata rasuwarka, sai ta ce da Hausa, "Mama, Baba Idrissa ne ya buɗe mini hanya."

Allah ya jiƙanka, Malam Idrissa. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya sanyaya shi, ya sa duk gidan da ka shiga da jakar kayan aikinka ya zama shaida a gare ka. Allah ya sa Aljanna ce makomarka. Haoua, 'yar uwata, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, ya tsaya miki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, da danginsa na Tasawa da Maraɗi, da direbobi abokan aikinsa, da Katung, wanda ya tsaya a bakin kabari har kowa ya watse.

Za a yi addu'ar arba'in ranar Lahadi, 23 ga Afrilu, bayan azahar, a gidan marigayi a Laurel. Ina roƙon duk mai zuwa ya aiko mini da amsa kafin Juma'a, 14 ga wata, don mu san yawan tukwanen da za a ɗora, kada nauyin ya faɗa kan Haoua. Rumasa'u ta riga ta amsa. Za su taso ranar Laraba, kwana huɗu a hanya. Na ce mata su yi tuƙi a hankali, kuma sau ɗaya kawai na faɗa.

Hasiya, matar Malam Almu
Wheaton, Maryland