Fayil Arba'in da Uku na Malam Ndakotsu

Duk wanda ya taɓa bin sawun takardar fili a Minna a shekarun nan ya san ɗakin ƙarshe na ofishin rajista, mai taga ɗaya, kuma ya san mutumin da ke zaune cikinsa. Malam Ndakotsu Banufe ne daga Bida, gajere, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya kama aiki tun shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha, yana saurayi, aka ba shi ajiyar fayil-fayil na wucin gadi. Wucin gadin nan ya kai shi shekara talatin da huɗu.

Ba shi da mota, ba shi da muƙami, kuma in gaskiya za a faɗa ba shi da fara'a. Abin da yake da shi kai ne. Ka ce masa filinka na bayan makaranta a Fadikpe, kafin ka rufe baki ya faɗi lambarsa, da wanda ya sayar wa wanda ya sayar maka. Daraktoci sun zo sun tafi, kowanne sai ya aika a kira Ndakotsu. Shi kuma yana jin daɗin haka fiye da yadda yake nunawa. Matarsa ta rasu a 2001, 'ya'yansa biyu suna can Legas da Abuja, sai waya ranar Juma'a in sun tuna. Idan ya koma gida bayan la'asar babu mai tambayarsa komai. A ofis ne kawai ake bukatar bakinsa, shi ya sa yake riga masinja zuwa.

Yana da wata al'ada ta aiki da shi ya ƙirƙiro wa kansa. Mutane ba sa zuwa da lamba, da sunan wuri suke zuwa: gidan mai injin niƙa, kangon Bayarabe, gonar bakin gada. Don haka kowane fayil sai ya ɗauki fensir ya rubuta a bangonsa sunan da jama'a ke kiran wurin. Sunan mai fili na ciki da tawada, sunan gari na waje da fensir. Dabarar ta yi masa aiki shekara da shekaru, har yana yi wa sababbin ma'aikata gori da ita.

Da daminar 2006 iska ta yaye kwanon ɗakin ajiya ranar Juma'a da yamma, ruwa ya yi ta zuba har Litinin. Abin da ruwa ya bari, gara ta ƙarasa kafin a samo kuɗin gyara. Ndakotsu ya yi kwana uku yana shanya takardu a rana kamar mai shanyar kuɓewa, yana ɗora musu duwatsu. Fayil arba'in da uku sun zama dusa, ba abin da za a karanta.

Akwai ƙa'idar sake gina fayil idan ya lalace. Mai fili ya yi rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida, safiyo ya je ya auna, maƙwabta su shaida, sannan darakta ya sa hannu. Hanya ce mai cin shekara biyu, wani lokaci uku, kuma yawancin masu filayen nan talakawa ne da ko kuɗin acaba sai sun yi tunani. Ndakotsu ya dubi wannan doguwar hanya, ya dubi kansa, ya ga ai ga gajeriya. Ya sayo sababbin bangwaye, ya zauna ya rubuta fayil arba'in da ukun nan daga ka, ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimi, ya jera su a kanta. Bai karɓi ko goro daga hannun kowa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Tausayi ne ya sa shi, amma ba tausayi kaɗai ba. Akwai girman kai a ciki, irin na mutumin da bai taɓa jin an ce masa ya yi kuskure ba.

Shekara huɗu shiru. Sai wata Talata a 2010, saura masa wata goma sha ɗaya ya yi ritaya, masinja ya ajiye masa ambulan a tebur bai ko dube shi ba. An dakatar da shi, kuma zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa kan wani fili a Maikunkele, kusa da filin jirgi.

Mako shida ya yi a gida kafin zaman kwamitin. Wayarsa da ke damunsa da kira ta yi tsit. Ya kan yi wanka da safe, ya sa kaftani, ya zauna bakin gado da hula a kai, sannan ya tuna ba inda za shi. Amma ko kaɗan bai ji tsoro ba. Ya san fayil ɗin: Rugar Barau, kadada huɗu, yamma da rafi. Yana ganin rubutun a idonsa.

Shugaban kwamitin, Alhaji Uthman, tsohon ma'aikaci ne da ya san Ndakotsu tun suna cin abinci a bukka ɗaya. Mai ƙara kuwa wani dattijo ne Bagwari, Irimiya Gaiya, malamin firamare mai ritaya, ya zo da tsohon gwangwanin biskit a hammata.

"Ranka ya daɗe," in ji Irimiya, "babana ne ya ara wa Barau gefen gonarmu ya kafa ruga. Aro ne, kowa ya sani. Kowace kaka Barau yana kawo ƙwaryar man shanu gidanmu, ba don muna bukata ba, don kada a manta na wane ne ƙasa. Ɗorawa bakwai da ke ciki, matan gidanmu ke kaɗa su. Barau ya rasu, ɗansa Sanda ya zo ofis, ya tarar fayil yana ɗauke da sunan babansa. Ya sayar wa masu gina gidaje. Na je wata safiya na samu katafila ta tuge ɗorawa duka."

Alhaji Uthman ya juya. "Malam Ndakotsu, me za ka ce?"

"Yallaɓai, filin na Barau ne," in ji Ndakotsu, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Da hannuna na buɗe fayil ɗin a 1983. Kanta ta uku, jere na biyu. Ni ba na manta fayil."

Irimiya bai yi musu ba. Ya buɗe gwangwaninsa, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, kwafin da ake bai wa mai fili, ya miƙa. Aka ba Ndakotsu. Ya gyara tabarau. Rubutunsa ne, ba na wani ba, da 'yar ƙugiyar nan da yake yi wa lamba bakwai. A gurbin sunan mai fili an rubuta Gaiya.

Nan take ya gane abin da ya faru, kuma ganewar ta fi zagi ciwo. Rugar Barau sunan fensir ne. Shekara ashirin da uku yana wucewa ta gaban kantar nan yana ganin bango, bai sake buɗe ciki ba. Da ya zo rubutawa daga ka, kan nasa ya miƙo masa abin da ido ya saba gani, shi kuma ya karɓa bai tambaya ba.

Ndakotsu ya dubi Irimiya ya ce, "Malam, naka ne. Ni na ɓata."

An bincika, ba a sami alamar cin hanci ba, kuma Alhaji Uthman yana neman hanyar da zai fitar da tsohon abokinsa da sauran mutunci. Ya rage murya. "Idan kuskure ɗaya ne, gargaɗi za mu rubuta, a rage maka mataki, ka ƙarasa 'yan watanninka ka tafi da sunanka. Don haka ina tambayarka, kuma ka yi tunani kafin ka amsa. Wannan kaɗai ne ka sake rubutawa?"

Babu wanda ya san da sauran. Bangwayen sun tsufa, sun saje da 'yan uwansu. Da ya ce e, da an wuce wurin. Amma a zaune a kujerar nan Ndakotsu ya soma bin su a zuci, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ya taɓa sai ya ji bai san ko tawada yake tunawa ko fensir ba.

"Akwai arba'in da biyu, Yallaɓai. A ba ni takarda in rubuta lambobinsu."

Alhaji Uthman ya cire hularsa ya ajiye a tebur, sannan ya tura masa takarda.

Bayan wata ɗaya takarda ta fito: ritayar dole, da rage mataki biyu. Ba walima, ba agogon bango, ba hoto. Aka kuma dakatar da dukkan takardu arba'in da biyun har sai an bi ƙa'ida daga farko. Wannan na ƙarshen ne bai hango nauyinsa ba, domin masu takardun ba baƙi ba ne, mutanen da yake haɗuwa da su ne a masallaci da kasuwa. Wasu suka daina amsa sallamarsa.

Cikin masu takardun akwai Haula, bazawara mai toya waina a bakin layinsu na Fadikpe, inda yake sayen kalaci. Gidan da mijinta ya bari yana cikin lissafin, kuma da jin an dakatar da takardar, ƙannen mijin suka taso suna cewa gidan na gado ne, na mahaifinsu. Ya yi mako yana zagaye layin don kada su haɗu. Ran nan dai yunwa da kunya suka yi kokawa, ya ɗauki kwanonsa ya je.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ajiye cokalin juyi ta ce, "Baba, ranar Asabar za a zauna gidan mai unguwa. Ba ni da kowa, yarana uku. Kai ka ga takardar asali da idonka. Ka zo ka dafa Alƙur'ani ka ce sunan mijina ne a ciki, za su yarda da kai."

Yana tuna fayil ɗin sarai. Yana ganin sunan mijinta a rubuce, baƙi ƙirin, kamar yau aka rubuta. Haka ma ya ga na Barau.

"Ina jin nasa ne, 'yata."

"Kana ji, Baba, ko ka tabbata?"

Mai na ƙara a tanda, waina ta soma ƙonewa ba wanda ya juya ta.

"Ban tabbata ba, Haula," ya ce. "Ba zan iya rantsewa ba."

Ta dube shi ɗan lokaci, idonta ya ciko. Sannan ta karɓi kwanon daga hannunsa, ta zuba masa waina biyar kamar kullum, ta miƙa masa tana kallon wani wuri.