Baba Halliru da Turbon da Bai Kai Ga Haɗawa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Halliru bakanike, mutumin Gusau, wanda ya shekara ashirin yana gyaran motoci a nan Dubai. Faɗuwa ya yi a gareji, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. An ce zuciya ce.

Baba Halliru, ni ne Ɗantani direba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga abin da ka yi mini, kuma ba zan iya yin shiru ba.

Kai ne ka samo mini wurin kwana a unguwar Satwa lokacin da na zo ban san kowa ba. Ranar Juma'a ba ka cin abinci kai kaɗai. Ba kuma na manta yadda kake hana a kira mota gawa tun ba a buɗe cikinta ba.

Motar da nake ja ta Alhaji Sharfuddeen ce, mai harkar kago, wato jigilar kaya. Da ita nake kwasar kayan 'yan kasuwa daga kasuwar Sabkha zuwa sito a unguwar masana'antu ta DIP. A farkon watan nan ta fara fito kamar tsuntsu, tana fitar da shuɗin hayaƙi, in na taka ba ta amsawa. Turbo ne ya gaji, wato abin nan mai farfela da ke tura wa inji iska. Alhaji ya ce ni na kashe shi. Bizata kuma saura mako biyar ta ƙare, shi ne zai sabunta. Da muka kai ta garejinka, a gabana ya ce, "Khalas, shi ke nan, a sayo sabo, a nemo sabon direba."

Ka ce masa, "Shwaiya, Alhaji, a bi a hankali. Alƙali ba ya yanke hukunci bai ji shaida ba. Bari mu tambayi ƙarfen."

Haka aikinka yake. Ba ka buɗe turbo sai mai mota da direba suna tsaye. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, kana cire ƙarfe ɗaya bayan ɗaya kana jerawa. Da ka zaro sandar tsakiya ta yi baƙi ƙirin, ka miƙo mini, ka ce, "Ɗana, wannan aikinka ne. Kana zuwa da gudu ka kashe mota da zafinta, mai ya ƙone a jiki." Gaskiya ce. Ina yin haka don in riski jam'i ko in sauke kaya da wuri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ka ɗauko bututun da ke kai wa turbo baƙin mai, ka hura, iska ta ƙi wucewa. Ka dubi Alhaji. "Wannan kuma naka ne, ranka ya daɗe. Yaushe rabon motar nan da juyen mai?" Alhaji ya cire hula ya mayar. Ka ce ko sabo aka ɗaura a kan wannan bututu, ba zai ga watan azumi ba. Gangar jikin turbon kuwa ba tsaga, ba ci. A canja kayan ciki, a kai a daidaita farfela, zai yi aiki. Ka ƙara da cewa, "Yaron nan ma haka. Ya ji, ba zai sake ba. Ni na tsaya masa."

Alhaji ya ce to, in gyaran ya yi, Ɗantani ya zauna.

Kayan cikin sun iso ranar Litinin. Talata ka tafi. Da na je gareji washegari, ƙarafan na nan jere a kan ƙyalle yadda ka bar su. Na zaga gareji huɗu, kowa ya ce ba ya ƙarasa aikin da wani ya buɗe, a sayi sabo kawai. Kayan 'yan kasuwa na jira, dole Alhaji ya sayi sabon. Gyaran da zamana ya rataya a kansa bai yiwu ba. Na fara ɗaure jakata, ban gaya wa mahaifiyata ba.

Kwana uku bayan mun binne ka, a wurin zaman makoki, Alhaji ya kira ni gefe. Ya ce, "Kawo fasfo ɗinka gobe a sabunta maka biza. Mutumin da ya tsaya maka ba ya nan da zan mayar masa da maganarsa."

Baba, ka yi mini ceto kana kwance a ƙasar da ba taka ba, ban ko samu na ce maka na gode ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, Hajiya Halimatus Sa'adiya, da ɗanka Nasir da ƙannensa a Gusau, waɗanda ba su samu ganin gawarka ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.